Motsa Jiki Domin Kumburin Hannu Bayan Jinyar Sankarar Mama

Mace da aka yi wa aikin sankarar mama takan ɗauka wahala ta ƙare ranar da aka sallame ta daga asibiti. Ga mata da yawa haka ne. Amma akwai waɗanda bayan watanni, wani lokaci bayan shekaru, sai su ga hannun ɓangaren da aka yi aikin ya fara nauyi, zobe ya matse yatsa, hannun riga ya ƙi shiga. Wannan kumburi likitoci suna kiransa limfidima. Ba ya warkewa gaba ɗaya, amma ana iya sarrafa shi har mace ta ci gaba da aikinta, kuma motsa jiki yana cikin manyan abubuwan da ke taimakawa. An shirya wannan bayani domin matan da suka yi jinyar, da iyalansu, da masu ziyarar marasa lafiya, musamman a wurare irin su Bodinga da Shagari a jihar Sakkwato, inda ganin ƙwararre yake bukatar tafiya zuwa birni.

Abin da ke kawo kumburin

Ban da jijiyoyin jini, jiki yana da wasu siraran hanyoyi da ke kwashe ruwan da ya tsatso cikin nama su mayar da shi cikin jini. Ruwan nan fari ne garai-garai, ana kiransa limf, yana ɗauke da sinadarin furotin da ƙwayoyin da ke yaƙar cuta. A kan hanyarsa yana bi ta wasu ƙananan ƙulle-ƙulle masu tace shi. Su ne idan mutum ya ji ciwo a yatsa suke kumbura a hamata, mu ce kaluluwa ta fito. A kowace hamata akwai kamar 20 zuwa 40 daga cikinsu, kuma ruwan hannu da na mama duk ta nan yake wucewa kafin ya zuba cikin manyan jijiyoyin jini da ke gindin wuya.

Sankarar mama idan za ta yaɗu, ƙulle-ƙullen hamata take fara kamawa. Saboda haka likitan tiyata yakan cire wasu daga cikinsu ko yawancinsu. Gashin na'ura da ake yi bayan tiyata domin kashe sauran ƙwayoyin cutar shi ma yakan bar tabo a cikin nama, ya ƙuntata hanyoyin da suka rage. To, sai ya zama kamar magudanar ruwa ce aka toshe rabinta. Ruwa yana shigowa hannu yadda ya saba, amma fitarsa ta ragu, sai ya taru. Idan ya daɗe a tare, furotin ɗin da ke cikinsa yakan sa nama ya yi tauri, kitse ya ƙaru a wurin, fata ta yi kauri.

Wannan kumburi ba alamar cewa an yi aikin ba daidai ba ne. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba jifa ba ne, ba sammu ba. Ya kuma bambanta da tundurmi, wanda wata tsutsa da sauro ke ɗauka take jawowa, ko da yake a duka biyun hanyoyin limf ne suka lalace.

Wa ya fi shiga haɗari

Sankarar mama ita ce sankarar da ta fi kama mata a Nijeriya. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna sababbin masu cutar sama da 32,000 a ƙasar a shekarar 2022. Wani babban nazari da aka buga a mujallar Lancet Oncology a 2013, wanda ya haɗa bincike daga ƙasashe da dama, ya gano cewa kusan mace 1 cikin 5 da suka yi jinyar tana samun kumburin hannu. Waɗanda aka kwashe musu ƙulle-ƙullen hamata da yawa sun ninka waɗanda aka cire wa ɗaya ko biyu haɗari kusan sau 4.

Wannan batu ya shafe mu sosai. A ƙasarmu yawancin mata ba sa zuwa asibiti sai cutar ta yi nisa, don haka sau da yawa dole a cire maman gaba ɗaya, a kwashe hamata, a kuma yi gashin na'ura. Wato irin jinyar da ta fi jawo kumburi ita ce matanmu suka fi samu. Sauran abubuwan da ke ƙara haɗari su ne ƙiba mai yawa da kamuwar hannun da ƙwayoyin cuta. Yawancin kumburin yana bayyana cikin shekara 2 zuwa 3 na farko bayan aiki, amma haɗarin yana nan har ƙarshen rayuwa.

Alamu da yadda ake awo

Kafin ido ya ga kumburi, mace takan ji hannun ya yi nauyi, ko ya cika, ko fata tana ɗaurewa. Daga nan zobe, awarwaro ko agogo su fara matsewa. Likitoci sun kasa cutar matakai huɗu. A matakin farko, wanda suke kira 0, hanyoyin sun lalace amma babu kumburin da ake gani. A mataki na 1 hannu yana kumbura da rana, ya saɓe idan an ɗaga shi ko an kwana, kuma idan aka danna da yatsa wurin yakan loɓa. A mataki na 2 ɗaga hannu ba ya isa ya saɓe, nama ya fara tauri. A mataki na 3 hannu ya yi girma ƙwarai, fata ta yi kauri da kaushi. Wadda aka fara kula da ita a mataki na 0 ko na 1 ta fi samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Ana iya yin awo a gida da tef irin na tela. Ki auna kewayen hannu a wurare huɗu: tafin hannu, wuyan hannu, santimita 10 ƙasa da gwiwar hannu, da santimita 10 sama da ita. Ki auna hannu biyun, ki rubuta a littafi tare da kwanan wata. Ki riƙa yi sau ɗaya a wata, da safe, a wurare guda. Hannun da kika fi aiki da shi yakan ɗan fi ɗayan kauri tun asali, shi ya sa ya fi kyau a yi awon farko kafin tiyata ko jim kaɗan bayanta. Idan bambanci ya kai santimita 2 a wuri ɗaya, ko kika ga yana ƙaruwa wata bayan wata, ki kai littafin wa likita.

Dalilin da ya sa motsi ke taimakawa

Jini yana da zuciya da ke tura shi. Ruwan limf ba shi da irin wannan famfo. Abin da ke tafiyar da shi shi ne matsewar hanyoyin da kansu, da matsin tsokoki idan suna aiki, da numfashi mai zurfi wanda ke jawo ruwan zuwa ƙirji. Hannun da aka rataye ba a motsa shi, ruwa kwanciya yake a cikinsa, kafaɗa ta sage, tsoka ta rame. Tsokar da ta rame kuwa ƙaramin aiki ma yana yi mata yawa.

Shekaru da dama likitoci suna gaya wa mata kada su ɗauki komai mai nauyi da hannun har abada. Bincike ya canza wannan shawara. A 2009, Kathryn Schmitz da abokan aikinta na Jami'ar Pensilbaniya a Amurka suka buga sakamakon gwaji a mujallar New England Journal of Medicine. Mata 141 masu kumburin hannu aka raba gida biyu. Rabi suka riƙa ɗaga nauyi sau 2 a mako har shekara guda, suna sanye da safar matsi, suna farawa da ɗan kaɗan suna ƙarawa sannu a hankali. Sauran rabin ba su yi ba. A ƙarshe, tashin kumburi ya sami kashi 14 cikin 100 na masu ɗaga nauyi, ya sami kashi 29 cikin 100 na waɗanda ba su yi ba. Masu motsin sun kuma fi ƙarfi, ciwo da nauyin hannu sun ragu musu.

A 2010 suka buga kashi na biyu a kan mata 154 da ba su riga sun kumbura ba. Ɗaga nauyi bai jawo musu kumburi ba. Cikin waɗanda aka cire wa ƙulle-ƙulle 5 ko fiye, kashi 7 cikin 100 na masu motsi ne suka kumbura, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 22. Wani gwajin kuma a Ingila, da aka buga a 2021 a kan mata 392, ya nuna cewa fara motsa kafaɗa da wuri bayan tiyata ƙarƙashin kulawar ƙwararre yana gyara aikin hannu, yana rage ciwo, bai kuma ƙara kumburi ba.

Darasin shi ne, abin da ke cutar da hannun shi ne aiki mai yawa farat ɗaya a kan hannun da bai saba ba. Aikin da aka hau a hankali, gina hannun yake yi.

Ƙa'idodi kafin a fara

1. Ki nemi iznin likitan da ya yi miki aiki ko mai kula da jinyarki. Idan cutar ta taɓa ƙashi, ko kina da ciwon zuciya, ko jini ya yi ƙasa saboda allurar kashe sankara, shi zai faɗa miki iyakar abin da za ki yi.
2. Kumburin da ya fito sabo, a fara kai shi asibiti. Wani lokaci daskarewar jini a jijiya ce, ko ƙwayoyin cuta, ko dawowar sankarar, kuma motsa jiki ba ya maganin waɗannan.
3. Ki fara da kaɗan, ki ƙara da kaɗan. Jin ɗan ja a tsoka ba laifi. Ciwo mai suka alama ce ta ki tsaya.
4. Idan an ba ki safar matsi, ki sa ta lokacin motsi.
5. Ki cire zobe, awarwaro da duk abin da ke matse hannu.
6. Ki duba hannun bayan kin gama da kuma washegari. Idan ya ƙara nauyi ko kumburi kuma bai koma ba cikin kwana ɗaya, ki huta, ki koma matakin da ke ƙasa.

Makonnin farko bayan tiyata

Tun washegarin aiki ana iya buɗe yatsu da dunƙule su, juya wuyan hannu, lanƙwasa gwiwar hannu da miƙe ta, ɗaga kafaɗu zuwa kunne da sauke su. A makon farko, ko har a cire robar da ke fitar da ruwa daga wurin aikin, kada a ɗaga hannu ya wuce tsayin kafaɗa. Bayan haka, da yardar likita, sai a fara miƙa shi sama kaɗan-kaɗan kowace rana. Wannan yana da muhimmanci ga wadda za a yi wa gashin na'ura, domin a kan gadon na'urar sai an kwanta hannu yana sama da kai, kuma sagaggiyar kafaɗa takan jinkirta farawa.

Wasu mata sukan ji wani abu kamar igiya ya ɗaure daga hamata zuwa gwiwar hannu a makonnin nan. Hanyoyin limf ne suka yi tauri. Miƙa hannu a hankali da taimakon likitan gashin ƙashi yakan sake shi.

Jerin motsin kullum

Wannan jeri yana ɗaukar minti 15 zuwa 20. A yi shi sau 1 ko 2 a rana, a zaune kan kujera ko a tsaye. An jera shi daga ƙirji zuwa yatsu da gangan: sai an buɗe hanya a sama, ruwan da ke ƙasa yake samun inda zai bi. Kowane motsi a fara da sau 5, a kai shi sau 10 cikin mako biyu.

1. Numfashi. Ki ɗora hannu a ciki, ki ja iska ta hanci har cikin ya taso, ki sake ta a hankali ta baki.
2. Wuya. Ki juya kai dama, ki dawo tsakiya, ki juya hagu. Sannan ki karkata kunne wajen kafaɗa, kowane gefe.
3. Kafaɗu. Ki ɗaga su zuwa kunnuwa, ki sauke. Ki juya su baya kamar kina zana da'ira.
4. Allon kafaɗa. Ki ja gwiwoyin hannu baya kamar za su haɗu, ki ƙirga 5, ki sake.
5. Hawan bango. Ki fuskanci bango, ki sa yatsu suna tafiya sama har inda kika ji ja, ki tsaya ki ƙirga 10, ki sauko. Ki sa alama da gawayi ko alli, ki ga yadda alamar ke hawa mako bayan mako. Sai ki juya gefe ki maimaita.
6. Sanda. Ki kwanta rigingine, ki riƙe muciya ko wata sanda marar nauyi da hannu biyu, ki ɗaga ta sama zuwa bayan kai, lafiyayyen hannun yana taimakon ɗayan.
7. Fiffike. Ki haɗa yatsu a bayan wuya, ki buɗe gwiwoyin hannu gefe, ki rufe su gaba.
8. Gwiwar hannu. Ki lanƙwasa har yatsu su taɓa kafaɗa, ki miƙe sosai.
9. Wuyan hannu. Ki juya shi da'ira, ki lanƙwasa sama da ƙasa, ki kifa tafin hannu ki buɗe.
10. Matsa. Hannu yana ɗage kan matashi sama da ƙirji, ki matsa soso ko ƙwallon roba mai taushi, ki ƙirga 3, ki sake.
11. Ki rufe da numfashi mai zurfi sau 5.

Ƙara ƙarfi da nauyi

Idan rauni ya warke, kafaɗa ta sake, likita kuma ya yarda, sai a shiga ɗaga nauyi sau 2 a mako, da hutun akalla kwana ɗaya a tsakani. Ba a bukatar kayan sayarwa. Ruwa lita 1 nauyinsa kilo 1 ne, saboda haka gorar ruwa ta rabin lita rabin kilo ce, kuma da ita ake farawa. Wadda ta ga ta yi mata nauyi, ta rage ruwan.

Motsi huɗu sun isa: lanƙwasa gwiwar hannu da gorar, ɗaga hannu gaba zuwa tsayin kafaɗa, ɗaga shi gefe, da sunkuyawa kaɗan a jawo gorar zuwa ƙugu kamar ana jan guga. A ƙara da tura bango: a tsaya taku ɗaya daga bango, a dafa shi, a kusanto da ƙirji, a tura baya. Kowanne sau 10, a huta, a sake yin 10. A yi da hannu biyun. Kada a riƙe numfashi. A fitar da iska lokacin ɗagawa.

Idan an yi zama 2 zuwa 4 da nauyi ɗaya cikin sauƙi kuma hannu bai canza ba, a ƙara ɗan kaɗan, misali daga rabin lita zuwa gorar da ta ɗan fi ta, daga nan zuwa lita 1, har lita 1 da rabi. Idan rashin lafiya, tafiya ko biki ya sa an yi fashin mako biyu, kada a ɗora daga inda aka tsaya. A sauko ƙasa a sake hawa.

Tafiya da ƙafa ita ma magani ce. Shawarar masana ita ce minti 150 a mako, wato kamar minti 30 sau 5, da saurin da zai sa numfashi ya ɗan ƙaru amma a iya magana. Tana taimakon rage ƙiba, tana rage kasalar da ke bin jinyar sankara. A riƙa kaɗa hannu ana buɗe yatsu da rufewa lokacin tafiyar, kada a bar shi a rataye.

Aikin gida da na gona

Mace a Bodinga ko Shagari ba ta rasa motsa hannu. Akwai daka da surfe, jan ruwa a rijiya, tuƙin tuwo, wanki, shara, ɗaukar itace da goyo, ga masu noma kuma ga aikin fadama. Haɗarin a nan shi ne mace ta yi wata uku ba ta taɓa komai ba, rana ɗaya ta ɗauki taɓarya ta yi dakan gidan gaba ɗaya. Ƙa'idar gorar ruwa ita ce ƙa'idar taɓarya. A fara da ayyuka marasa nauyi kamar tankaɗe, tsintar shinkafa, share ɗaki da wanke kwanoni. Daka a fara da minti 5, a huta. Jan ruwa a fara da rabin guga. Wanki a raba shi kwana biyu ko uku. Hatsi mai yawa a kai inji. Kaya a raba su gida biyu, kada a rataya jaka mai nauyi a gwiwar hannun ko a kafaɗar ɓangaren. In an gaji, a kwanta a ɗora hannun kan matashi ya fi ƙirji tudu.

Aikin gida bai maye gurbin jerin motsin da aka bayyana ba. Daka motsi ɗaya ne ake maimaitawa, ba ya buɗe kafaɗa ta kowane gefe.

Safar matsi, ɗauri da tausa

Cikakkiyar jinyar wannan kumburi tana da sassa huɗu: matsi, motsa jiki, kula da fata, da wata tausa ta musamman. Emil Vodder, mutumin Denmak, shi ya ƙirƙiro tausar a shekarun 1930. Shafa ce mai laushi ƙwarai wadda ke jan fata kawai zuwa inda hanyoyi suke da lafiya. Ta bambanta da tausar gida mai danna nama da ƙarfi, wadda kan ƙara ɓarna. A koye ta daga ƙwararre.

Safar matsi tana kama hannu daga wuyan hannu zuwa damtse, ta fi matsewa a ƙasa. Idan tsoka ta motsa a cikinta, sai ruwa ya haura sama. Sai an auna mace kafin a zaɓa mata, domin wadda ba daidai ba takan tara ruwa a tafin hannu. Ana sa ta da safe, a cire da dare, a wanke da ruwan sanyi a shanya a inuwa. Ƙarfinta yana raguwa bayan kamar wata 6. Idan yatsu suka yi sanyi, suka canza launi ko suka mutu, a cire ta nan take. Hannun da ya kumbura sosai, ana fara naɗe shi da bandeji na musamman a asibiti har ya ragu. Kada a ɗaure shi da tsumma ko roba a gida.

Zafi, hunturu da fata

A ƙasar Sakkwato zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, yakan wuce digiri 40, zafi kuwa yana ƙara kumburi. A lokacin nan a yi motsi da sassafe ko bayan faɗuwar rana, a inuwa, a sha ruwa sosai. Rage shan ruwa ba ya rage kumburin. A hunturu fata takan bushe ta tsage, ƙwayoyin cuta kuma ta tsaga suke shiga. A wanke hannu da sabulu marar kaifi, a busar da tsakanin yatsu, a shafa man kaɗanya ko basilin, ya fi kyau da dare bayan an cire safa. Da damina a kwana cikin gidan sauro. A kula da wuƙa, ƙaya, tartsatsin mai da bakin murhu. Duk ƙaramin rauni a wanke shi da sabulu da ruwa mai tsabta, a rufe, a riƙa dubawa.

Abubuwan da za a guje wa

Kada a yarda a yi ƙaho, tsaga ko sakiya a hannun. Ruwan yana cikin nama ne kamar ruwa a soso, ba ya fita ta haka, raunin kuwa ƙofar cuta ce. Kada a gasa hannun da ruwan zafi ko a kanga shi a wuta. Kada a sayi maganin sa fitsari a kemis domin wannan kumburi. Yana fitar da ruwa daga jini ya bar furotin a hannun. Awon hawan jini, allura da ɗibar jini, idan da hali a yi a ɗaya hannun, amma idan larura ta kama kada a ƙi jinya saboda wannan.

Alamun da ke bukatar asibiti a ranar

Idan hannu ya yi ja ko ya ƙara duhu, ya yi zafi, yana ciwo, ga zazzaɓi ko rawar sanyi, ƙwayoyin cuta ne suka shiga fata. A daina motsi, a cire safa, a tafi asibiti mafi kusa a ranar, domin ana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma cutar tana iya shiga jini. A ƙasarmu an saba ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin na cizon sauro, saboda haka a nuna wa ma'aikacin lafiya hannun, a gaya masa an yi aikin mama. Haka nan a gaggauta idan kumburi ya zo farat ɗaya, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji na ciwo, ko wani sabon ƙullutu ya fito a hamata, wuya ko wurin aikin, ko hannu ya rasa ƙarfi.

Inda za a nemi taimako

Bodinga da Shagari suna kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega, don haka ana iya zuwa birni a dawo a rana ɗaya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato yana da sashen jinyar sankara da sashen gashin ƙashi. Ranar da aka je ganin likita, a roƙe shi ya tura mace wurin likitan gashin ƙashi, domin a auna hannun, a nuna mata motsin da idonta, a kuma ba da shawara kan safa. A je da littafin awo da wata 'yar'uwa da za ta koya tare da ita. Rauni ko zazzaɓi kuwa, asibitin da ke kusa da gida ake fara zuwa.

Rawar iyali da 'yan'uwa

Yawancin mata ba rashin sani ke hana su ci gaba ba. Aiki ne ya yi yawa, ko kunyar a ga hannun, ko kuɗin mota. Maigida da yara su ɗauke mata jan ruwa da daka a watannin farko, sannan su bar ta ta koma aiki mataki-mataki, kada tausayi ya sa a hana ta taɓa komai. Matan zumunta da ke ziyarar marasa lafiya za su iya riƙe mata tef ranar awo, su yi tafiyar yamma tare da ita, su raka ta Sakkwato, su haɗa kuɗin safa idan lokacin canzawa ya yi. Tela zai iya buɗa hannun riga ɗaya kaɗan yadda ba zai matse ba.

Ranar 6 ga Maris ita ce ranar wannan cuta ta duniya, watan Oktoba kuma na wayar da kai kan sankarar mama. Lokuta ne masu kyau na gayyato ma'aikaciyar lafiya ta yi wa mata bayani, ta kuma tuna musu cewa duk wadda ta ji ƙullutu a mama ta je asibiti da wuri. Cutar da aka kama tana ƙarama, aikinta ƙarami ne, hamata ba ta shan kwasa sosai, hannu kuma ya fi tsira.